Saƙon Ranar Laraba

Ranar Litinin da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga babban asibiti, aka ce an yi sata. Sufeto ya tambayi abin da aka ɗauka. Wanda ya kira ya ce ba a ɗauki komai ba, musanyawa aka yi.

Shekara ashirin da shida ke nan Sufeto yana wannan aiki. Ya bi sawun ɓarayin babura, ya kwance rikicin gado, ya taɓa gano mai kisa ta dalilin igiyar takalmi. Amma kwamfuta, in ban da kunnawa da kashewa, babu abin da ya haɗa su. Saje, matar da suka shekara tara suna aiki tare, ita ke tuƙi. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ko kwamfuta ce ta yi laifin, ai wani ne ya aike ta, kuma wanin nan yana da ƙafa biyu da adireshi.

Babban likita ya karɓe su a ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya yi musu bayani. Akwai wani dattijo da ƙodarsa ta daina aiki, shekara biyu yana zuwa wankin ƙoda duk Laraba da Asabar. 'Yarsa ta ce za ta ba shi tata guda ɗaya. Aka ɗebi jininsu su biyun aka gwada. Irin wannan sakamako ba a hannu ake kai shi ba, kwamfutar ɗakin gwaji ce ke tura shi da kanta zuwa rumbun hukumar da ke ba da izinin dashe. Ranar Litinin ta makon jiya sakamako ya tafi cewa jini ya dace. Ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin wani fayil ya bi bayansa, ya ce na farko kuskure ne, jinin bai dace ba. Hukuma ta soke aikin.

"Wa ke iya aika wa rumbun nan saƙo?" in ji Sufeto.

"Ba kowa ba. Ba ya buɗe wa kowa sai ya ga shaida."

Likitan ya ce shaidar wani ɗan fayil ne da ke cikin kwamfutar mai aikawa, kamar katin aiki mai hatimi, ga kuma lambar sirri da ke buɗe shi. Kafin rumbun ya karɓi komai sai ya duba katin, ya tabbatar hatimin na gaske ne, ya rubuta sunan mai shi. Fayil ɗin ranar Laraba da shaidar shugabar ɗakin gwaji ya shiga. Saboda haka an dakatar da ita daga aiki tun Juma'a.

Suna fitowa suka tarar da 'yar dattijon tana jiransu a baranda. Malamar makaranta ce, doguwa, siririya, har da ƙurar alli a hannun rigarta. Ba ta yi kuka ba, amma tana magana tana murɗa zoben yatsarta. Ta ce ranar Litinin ɗin shugabar ɗakin gwaji da bakinta ta gaya mata jini ya dace, har suka rungumi juna. Ranar Alhamis sai ga takardar hukuma da wani zance daban. Ita ce ta tayar da maganar har aka binciko fayil na biyu.

"Yallaɓai, wani ya shiga tsakanina da ran ubana," ta ce. "Ina so in ga fuskarsa."

Ta roƙe shi abu ɗaya. In zai ga mahaifinta, kada ya gaya masa an dakatar da Hajiya. Kamar ƙanwa yake ɗaukar ta, kuma jininsa ba ya son tashin hankali.

Hajiya, wato shugabar ɗakin gwajin, tana zaune a benci a ƙofar ɗakin da ta shekara goma sha tara tana riƙe da shi. An kira ta ne don ta amsa tambaya, kuma ba ta da izinin shiga. Jakarta na kan cinyarta, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Ina kike ranar Laraba da sha ɗaya da minti ashirin?"

"Ina ciki, ina aiki."

"Ke da wa?"

"Ni kaɗai. Abokin aikina yana hutu."

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Babu kowa."

Sufeto ya tura Saje wajen masu gadi, shi kuma ya zauna a ɗaya gefen bencin yana tambayar Hajiya yadda ake gane jini ya dace da jini. Nan ne kawai fuskarta ta ɗan saki. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ta ce sau biyu ta maimaita gwajin dattijon da 'yarsa, don ba ta son ta sa wa mutane rai a banza.

Saje ta dawo da littafin bakin ƙofa. Motar Hajiya ta fita ƙarfe goma da rabi ranar Laraba, ba ta dawo ba sai sha biyu da kwata.

Hajiya ta daɗe tana kallon shafin. Daga baya ta ce saboda maigidanta ne ta fita. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, duk Laraba ita ke kai shi wajen masu gasa masa ƙafa, don ba ya yarda kowa ya ɗaga shi sai ita. Ba ta taɓa neman izini ba, tsoron kada a hana ta. Takan kulle ɗakin ta jefa makulli a jaka.

"Hajiya, ƙaryar nan da kika yi ita ce ta kusa cin ki," in ji Sufeto. "Gaskiyar da kika ɓoye kuwa ita ce ta wanke ki. In ɗakin a kulle yake kina can wani wuri, ba daga kwamfutarki saƙon ya fita ba."

Ya sake tambayar ta zancen lambar sirri. Ta sunkuyar da kai ta ce tun da sashen kwamfuta suka saka mata ita ba ta taɓa canzawa ba, don kada ta manta.

Sashen kwamfuta wani ƙuntataccen ɗaki ne a ƙarshen baranda, ga sanyi kamar cikin firji, ga na'urori suna ta ƙyafta 'yan fitilu. Mai riƙe da shi magidanci ne da kowa ke kira Dogo, ya kai shekara arba'in, yana zaune ya lanƙwashe kamar an naɗe shi an ajiye a kujera. Ya buɗe musu rajistar da rumbun hukumar ya turo. Layi biyu ne, na Litinin da na Laraba.

Sufeto ya sa tabarau. Bai fahimci ko rabin abin da ke rubuce ba, amma ya iya kwatanta abu da abu. Layukan biyu kusan iri ɗaya ne, sai a ƙarshe. Na farko ya ƙare da wani dogon sunan Turanci da lambobi. Na biyu ya ƙare da kalma ɗaya tak: Balbela.

"Wannan fa?"

Dogo ya ce sunan manhajar da ta ɗauki saƙon ne. Kowace manhaja in ta je ƙofar rumbun takan faɗi sunanta. Wannan tsohuwa ce, an daina aiki da ita tuntuni.

"Wa ya rubuta ta?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Tarar da ita na yi."

"Daga wane ɓangaren asibitin saƙon ya fita?"

"Wannan bayanin kwana uku kawai yake yi, sai ya goge."

Duk amsoshin nan bai ɗaga ido daga madannan kwamfutarsa ba. Da suka fito Saje ta ce in dai mutumin nan bai san wanda ya rubuta abin nan ba, to ita ma ba ta san sunan 'ya'yanta ba.

Washegari da safe Sufeto ya je gidan dattijon, shi kaɗai, a matsayin mai neman sanin ko yana da abokan gaba. Gida ne ƙarami mai tsabta. A bakin ƙofa ga takalman yara ƙafa biyu a jere, ɗaya ya fi ɗaya girma kaɗan. Dattijon na zaune a inuwa, ƙafafunsa a kumbure bisa ƙaramar kujera, ya baje kayan wata motar wasa a kan faranti yana haɗa mata waya. Kusa da shi akwai kofi da aka zana wa layi da jan fenti, iyakar ruwan da aka yarda ya sha a yini.

Ya yi wa Sufeto maraba da fara'a. Ya ce abokan gabansa biyu ne, gishiri da 'yarsa da ta hana shi gishiri. Da aka tambaye shi aikin da ya yi kafin ya ajiye, ya ce aikin ofis ne kawai, irin na zama a kujera. Game da sakamakon gwaji kuwa ya ce shi bai ga abin tayar da ƙura ba, na'ura takan yi kuskure ta gyara kanta, haƙuri ya kamata a yi.

Sufeto ya lura da hannayensa. Suna ɗan rawa in ya ɗauki kofi, amma da ya kama siririyar wayar nan sai suka tsaya cak.

Ana cikin haka malamar ta shigo da sauri, ta fito ne lokacin tara don ta ga ya sha magani. Dattijon ya ɗaga kai ya yi murmushi.

"Balbela, kin sake barin 'ya'yan mutane su kaɗai a aji?"

Sufeto ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a ƙeya. Bai bari ya nuna a fuskarsa ba. Da ta rako shi ƙofa ya tambaye ta, kamar da wasa, inda ta samo wannan suna. Ta yi 'yar dariya ta ce tun tana ƙarama ne, ga dogayen ƙafafu, ga wata farar riga da ba ta yarda a cire mata, kuma duk inda Baba ya sa ƙafa tana bayansa. Har wurin aikinsa take bin shi ranar da ba makaranta.

"Ina ne wurin aikin?"

"Ai asibitin nan ne. Bai gaya maka ba? Shekara talatin ya yi. Shi ya kafa musu kwamfuta ta farko. Har yanzu Injiniya suke ce masa."

Ya tambayi mahaifiyarta. Ta ce ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ɗan ƙaramin aiki aka shiga yi mata, wanda aka ce kwana biyu za ta yi ta dawo gida, ba ta farka ba. Ita kaɗai suka haifa. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku bai kwana gida ba, shi ya sa ta dawo nan da yaran.

Sufeto ya yi mata godiya. Ya shiga mota ya daɗe bai tayar ba.

Bayan azahar ya koma wurin Dogo tare da Saje. Wannan karon bai tambayi rajista ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya tambaye shi wa ya koya masa aiki.

Dogo ya ɗaga ido daga madannan kwamfutarsa. Daga nan ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ya zo asibitin nan ba ya iya komai sai abin da ke cikin littafi. Injiniya ne ya zaunar da shi kusa da shi shekara goma sha biyu, shi ya tsaya masa ranar aurensa, shi ya riƙe masa hannu ranar da ya goge bayanan wata guda da kuskure, ya ɗauki laifin a kansa a gaban manya. Manhajar nan Injiniya ya rubuta ta, ita ta yi ta kai sakamako shekara da shekaru kafin a kawo sabuwa. Tun ranar Juma'a da ya ga sunan ya san hannun waye.

Ya ce kafin Injiniya ya ajiye aiki shi ya sabunta wa kowa shaida, ta shekara uku, kuma yakan ajiye kwafi a laftof ɗinsa saboda ranar da wata kwamfuta za ta mutu. Ƙa'ida ita ce wanda ya gaje shi ya soke tsofaffin ya fitar da sababbi.

"Me ya hana ka?"

"Yallaɓai, ji na yi kamar in canza wa ubana kwaɗon gida."

Bayanin da ya ce ya goge ma yana nan. Ya buɗe. Saƙon ta hanyar intanet ɗin ɗakin wankin ƙoda ya fita. Saje ta je ta duba littafin ma'aikatan jinya na wannan ɗaki. Ranar Laraba, daga tara na safe zuwa ɗaya na rana, gado na huɗu, Injiniya. Wata ma'aikaciya ta ce ai kullum da laftof yake zuwa, yana kallon labarai don awa huɗun nan su wuce.

Saje ta tambaya ko su je gidan yanzu. Sufeto ya ce a'a, ba a gaban jikoki ba. Gobe Laraba ce, Injiniya da kansa zai zo inda suke.

Ɗakin wankin ƙoda gadaje takwas ne a jere, kowane da injinsa a gefe yana ɗan gurnani. Wasu marasa lafiyan suna barci, wata tsohuwa tana jan carbi. Injiniya na gado na huɗu, robobi biyu sun fita daga hannunsa na hagu, jini na tafiya ta ɗaya yana dawowa ta ɗaya. Laftof ɗin na kan cinyarsa a rufe.

Sufeto ya bar Saje a ƙofa, ya ja labule, ya zauna. Suka gaisa. Ya tambayi jiki, ya tambayi motar wasan, aka ce ta tashi, har ta karya ƙafar kujera.

"Baba, jiya ka ce mini aikin ofis ka yi."

"Ai ofis ne."

"Wa ya raɗa wa manhaja suna Balbela?"

Dattijon ya kalli injin, ya kalli agogon bango. Ya ce tsohuwar manhaja ce, kwafinta na iya kasancewa a hannun mutum goma. Ya ce shi tsoho ne mai ciwo, wa zai yarda mutum ya toshe wa kansa hanyar samun lafiya.

Sufeto ya tuna alkawarin da ya yi wa malamar. Ya auna shi, ya ga ba zai iya riƙe shi ba.

"An dakatar da Hajiya tun Juma'a. Da shaidarta saƙon ya shiga. In ba a sami wanda ya yi ba, za a kore ta, a karɓe mata lasisi, wataƙila a kai ta kotu. Mijinta kuma ka san halin da yake ciki."

Launin fuskar dattijon ya canza. Ya yi yunƙurin tashi zaune, Sufeto ya dafa masa kafaɗa saboda robobin.

"Babu wanda ya gaya mini," ya ce. Ya sake cewa, "Babu wanda ya gaya mini."

Daga nan bai ƙara ɓoye komai ba. Ya ce shi ne. Da hannu ɗaya ya buga, minti shida ya ɗauke shi. Ya ɗauki sakamakon gaskiya ya canza layi biyu, ya sa masa alamar gyara, ya tura da shaidar Hajiya, don ita kaɗai rumbun zai yarda da ita a kan gwajin jini. Lambar sirrin shi ya zaɓa mata da kansa, ya kuma san halinta. Ya zaci hukuma za ta aiko da takarda, 'yarsa ta yi kukanta na kwana biyu, magana ta mutu. Bai san Hajiya ta riga ta yi mata albishir ba. Shekara talatin yana gargaɗin mutane kada su ba da aron shaidarsu, ga shi shi ne ya ɗauki ta wata ba da saninta ba.

"Me ya sa, Baba?"

Ya ce a kan benci a barandar da ke bayan wannan bangon ya zauna ranar da aka shiga da matarsa. Da ƙafarta ta shiga, tana yi masa tsiya a kan ya manta ya rufe taga. Tun da aka sa ranar dashen nan, ya rufe ido sai ya ga yaran nan biyu zaune a wannan benci suna jiran uwarsu. Shi ya ci zamaninsa, shekara sittin da tara. 'Yarsa kuwa ko arba'in ba ta kai ba.

"Ai da sai ka ce ba ka so. Ba likitan da zai taɓa ka ba da yardarka ba."

Dattijon ya yi wani guntun murmushi.

"Kana da 'ya mace, Sufeto?"

"Biyu."

"To ka taɓa ce wa ɗaya a'a tana kallon cikin idonka?"

Sufeto ya gyara zaman hularsa a gwiwa. Ya ce dole ne su tafi ofis tare ya ba da bayani a rubuce, amma sai inji ya gama aikinsa. Sauran awa ɗaya da rabi. Ya zauna tare da shi har ƙarshe, suna hirar abubuwan da ba su shafi komai ba. A tsakani ya aika Saje ta shaida wa babban likita, a kuma kira Hajiya.

Ƙarfe ɗaya saura kaɗan malamar ta iso ɗaukar mahaifinta. Ta ga Sufeto, ta ga Saje, ta ga yadda Baba ya kasa ɗaga ido. Ta tambaya ko an gano mutumin.

"An gano shi," in ji dattijon. "Ga shi nan a kwance."

Ba ta fahimta ba sai da ya maimaita. Ta nemi bakin gadon ta zauna a hankali. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta cire robobin, ta danna auduga a hannunsa, ta fita. Malamar ta karɓi aikin danna audugar, kamar yadda ta saba, amma ba ta kalle shi ba.

Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce kwana shida ba ta yi barcin kirki ba, tana tsine wa wanda ba ta sani ba, ashe shi take dafa wa abinci. Ta ce ya tuna da jikokinsa a benci, ita kuma wa ya tuna da ita? Ta riga ta zauna a bencin nan sau ɗaya. Duk Laraba da Asabar tana kallon yadda yake raguwa, shi ma wani zaman bencin ne, sai dai mai tsawo.

"Ƙodar tawa ce, Baba. Na yi tambaya, na yi karatu, na yi shawara da mijina. Ba yarinya ba ce ni. In ba ka so, ka faɗa mini da bakinka, ba ka aika kwamfuta ta faɗa mini ba."

"Ba zan iya ba," ya ce.

"Na sani."

Sai a lokacin ta dube shi. Ta ɗaga audugar ta ga jinin ya tsaya, ta manna masa filasta, ta sunkuya ta sa masa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, tana sassauta maɗaurin saboda kumburi.

Babu wanda ya yi zancen ankwa. Sufeto ya ɗauki laftof ɗin ya miƙa wa Saje, ya ba dattijon hannu ya tashi. Suka fito baranda a hankali, don bayan wanki jiri kan ɗebe shi.

Hajiya na tsaye a ƙofar ɗakin gwaji, an mayar mata da makullinta, yana hannunta. Dogo na can nesa ya jingina da bango. Dattijon ya saki hannun Sufeto ya tako har gabanta. Ya ce ya ci amanarta, ba shi da abin da zai kare kansa da shi, ta yafe masa in za ta iya.

Hajiya ta share ido da gefen mayafinta. Ta ce ta yafe, amma ba yau za ta daina jin haushinsa ba. Ta ce gwajin nan sau biyu ta yi shi, kuma a shekara goma sha tara ba ta ga jinin da ya dace kamar nasu ba, shi ya fi ƙona mata rai. Da yamma za ta sake tura sakamakon gaskiya, da sabuwar shaida in Dogo ya ga dama ya yi aikinsa. Dogo ya ce kafin la'asar za ta samu.

A bakin mota malamar ta miƙa wa Saje jakar magungunansa, ta nuna mata wanda zai sha ƙarfe biyu, ta ce kada a ba shi ruwa fiye da rabin kofi ko ya roƙa. Ta ce za ta ɗauko yara daga makaranta ta kai su wurin maƙwabciya, sannan ta same su a ofis.

Saje ta tayar da mota. Sufeto ya zauna a baya kusa da dattijon. Suka wuce masu gadi, suka hau titi. Dattijon ya ce in an zo rubutu, layin farko a sa cewa Hajiya ba ta da hannu, Dogo kuma laifinsa kara ce kawai. Sufeto ya ce za a rubuta yadda ya faɗa, sauran kuma na manya ne da hukuma.

Sun yi nisa, dattijon na kallon waje, hannunsa mai filasta a kan cinya.

"Likitan da zai yi aikin nan," ya ce, "ka san shi?"

"Ban san shi ba, Baba."

"Ina so in tambaye shi mutum nawa ya yi wa, kuma masu bayarwar nawa ne suka koma gida da ƙafarsu. Ban taɓa tambaya ba. Tsoro nake ji ya ba ni amsar da za ta sa in yarda."

Sufeto ya ce in an gama da ofis, shi da kansa zai kai shi gobe, ya zauna a waje har ya gama tambayoyinsa.

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali.

"To," ya ce. "Mu je a gama da wannan tukuna."